Bututun Kawu Mai Tabarau

Kawuna gyaran tabarau yake yi a wani ɗan shago kusa da tashar mota, tun kafin a haife ni. Ba shi da yawan magana, ba a taɓa jin kansa da kowa ba. Da girma ya zo masa sai ya samo faffaɗan bututun ruwa, ya sa masa wani madubi da ya yi shekaru yana gogawa da hannu, ya kafa shi a saman benen da suke haya don kallon taurari. Daga nan tsegumi ya tashi.

Tela, maƙwabcinsu ta yamma, shi ya fara lura. Bayan isha'i bakin bututun sama yake kallo, amma a hankali Kawu zai riƙa karkata shi har ya doshi sashen tagar telan. Ruwa ba ya tsami banza, in ji tela. Matan layin suka shiga sakin labule. Ita kanta Inna, matar Kawu, sai da ta ce, "Malam, tsakaninka da Allah, me kake nema a can?"

Ran nan tela ya hau benen ko sallama babu, Inna na biye da shi.

"Me kake leƙe a gidana?"

"Ba gidanka nake kallo ba," in ji Kawu. "Wani tarin taurari ne, galaksi ake ce masa, a cikin wani gungu da ke maƙwabtaka da namu. Tsakiyarsa haske, hannayensa sun naɗe kamar bayan katantanwa. Duniya ce ke juyawa, dole in bi shi yamma. Zo ka duba."

Tela ya kanga ido a bututun. "Ni ban ga komai ba."

"Kada ka ƙura masa ido, ya yi dishi-dishi da yawa. Kalle shi ta gefen ido."

"Ta gefen ido? Ai kallon marasa gaskiya ke nan!"

Duk da haka ya gwada. Ya daɗe a sunkuye, sannan ya ce ya ga wani abu kamar gogaggen alli a baƙin yadi. Kawu ya yi murna, ya fara gaya masa hasken nan ya yi miliyoyin shekaru a hanya. Tela ya katse shi.

"Wa ya sani ko kai ka ɗiga shi a jikin gilashin? Ai sana'arka ce."

Abin ya yi wa Kawu ciwo, kwana biyu ko abinci bai ci sosai ba. Tela ya kai ƙara wurin mai gidan hayar, aka danna wa ƙofar saman benen kwaɗo.

Yanzu bututun yana gonar ƙanen Kawu a bayan gari, inda babu fitila balle tagar wani. Duk lokacin da wata ya ɓuya sai ya tafi can, Inna kuma ba ta taɓa barinsa ya tafi shi kaɗai ba. Ta ce ita ma ta fara ganin hannayen tarin taurarin. Da na tambaye ta ko taurarin ne ke kai ta, sai ta harare ni ta ce in kama gabana.