Yadda Na Mayar Da Falona Gidan Kallon Ƙwallo

Assalamu alaikum Edita. Na daɗe ina karanta labaran mutane a wannan shafi, ban taɓa zaton wata rana nawa zai shigo layi ba. Ina roƙon a sakaya sunana, domin waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu, wasunsu ma har gobe muna haɗuwa a masallaci.

A lokacin da abin ya faru shekaruna ashirin da tara, ina gyaran firiji da na'urar sanyaya ɗaki, ina zaune a Karmo a ɗaki da falo, cikin wani gidan haya na wani dattijo ɗan asalin garin, manomi, wanda duk muke ce wa Baba. Aurena bai cika shekara biyu ba, kuma matata tana da cikinmu na fari. Ba na shan taba, ba na caca, ba na yawon banza. Aibina ɗaya ne, ƙwallo. Tun ina yaro a garinmu nake bin wata ƙungiya ta Turai a rediyon babana, har ta kai idan aka ci mu abinci ba ya wuce mini. Duk Asabar da Lahadi ina gidan kallo, haka ma wasannin tsakiyar mako. Kuɗin shiga ba wani abu ba ne, amma akwai kuɗin mashin zuwa da dawowa, akwai lemo, akwai tsire, idan kuma muka yi nasara sai hannuna ya buɗe in saya wa duk wanda ke kusa da ni. Ba na ganin abin, sai ƙarshen wata in rasa inda kuɗina ya shiga.

Shekarar ce kaya suka yi tsada, fetur ya tashi, masu kiran mu aiki suka ragu. Wata rana matata tana tsince shinkafa ta ce mini, cikin ladabi, ya kamata mu fara ajiye wani abu saboda haihuwa, tunda ba mu san yadda za ta zo ba. Ba ta ambaci ƙwallo ba, amma na san inda maganar ta dosa. Maimakon in rage kallo, sai na zauna ina neman dabarar da zan ci gaba da kallona a kan araha. Na samu abokaina bakwai da muke zama benci ɗaya a gidan kallo, na kawo shawarar mu haɗa kuɗi mu sayi dikodar kama tashoshin ƙwallo, mu riƙa raba kuɗin wata da na fetur. Da muka buga lissafi, abin da kowa zai bayar bai kai rabin abin da yake kashewa ba. Tunda ni ke da talabijin mai ɗan girma da ƙaramin janareton da nake fita aiki da shi, sai aka ce a gidana za a yi. Na dawo ina ta cika baki, na ce wa matata ga shi na jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: kuɗi zai ragu, kuma zan riƙa zama a gida. Ta yi murna da gaske. Ita ce ma ta sayo asusun katako, ta ce duk abin da na saba kashewa a waje in riƙa jefawa a ciki.

Watan farko kam alhamdulillahi. Mu takwas, kowa ya biya nasa, ana gamawa kowa ya kama gabansa, ni kuma ina jefa kuɗi a asusu. Sai wannan ya zo da ƙaninsa, wancan ya zo da ogansa na wurin aiki, wani ya zo da baƙon da ya sauka a wurinsa. Kafin a kai tsakiyar kakar wasa, ranar babban wasa sai ka ƙirga mutum ashirin a falon da kujera uku ce a cikinsa, wasu a ƙasa, wasu a bakin ƙofa, takalma sun cika tsakar gida. Mai zuwa kyauta ya fi mai biya yawa. Su kansu masu biyan suka fara ja da baya. Wannan ya ce zai turo ta waya, wancan ya ce albashi bai shigo ba. Ni kuma kunya ta hana ni tambaya, kuma ba zan iya jure ranar wasa ta zo an yanke mana tashoshi ba. Sai in cika da nawa. Da nawan ya kasa, na koyi zaro kuɗi daga asusun da tsinken tsintsiya idan matata ta shiga wanka, ina ce wa raina zan mayar.

Abin da ban tsaya na duba ba shi ne yadda ita take rayuwa a waɗannan ranaku. Ɗakinmu ƙofa ɗaya gare shi, ta falo. Banɗaki kuma yana can ƙarshen tsakar gida. Mace mai ciki, wadda fitsari ke matsa wa kowane lokaci, sai ta zaɓa: ko ta ratsa maza ashirin da hijabi tana ba da haƙuri a janye ƙafa, ko ta riƙe har a tashi. Yawanci riƙewa take yi. Wayar janareton gajera ce, don haka a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana nake ajiye shi, hayaƙi da ƙara duk a kanta. Idan ta dafa abincinmu na mutum biyu, ni ne zan ɗauko in ajiye a tsakiya in ce bisimilla, ita kuma ta kwana da garin rogo. Ruwan da muke saya a wurin mai kura, jarka biyu ba ta kai magariba saboda alwala da sha. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sau ɗaya ta ce, maigida, ko za a riƙa yi a gidan wani wani satin? Na ce duk sauran gwauraye ne, ba su da wuri, kuma ai saura kaɗan.

An yi mini nasiha, ba zan ce ba a yi ba. Baba mai gida ya tare ni wata safiya zai tafi gona, ya ce shi ɗaki ya ba ni haya, ba kasuwa ba, kuma yarinyar nan tana shan wahala. Na ba shi haƙuri da baki, a raina na ce tsoho bai san daɗin ƙwallo ba. Maƙwabciyarmu ma, wata Kirista 'yar Filato mai sayar da kayan miya, wadda mijinta direban tasi ne, ta taɓa ce mini in dubi ƙafafun amarya yadda suka kumbura. Daga baya matata ta dawo daga awo ta ce malamar asibiti ta ce jininta ya hau, tana buƙatar hutu da wuri shiru, kuma idan ta ji ciwon kai mai tsanani ko ganinta ya dushe a kawo ta nan take. Na ji, na sayo magungunan, na ce in sha Allah ana gama wannan kakar zan watsa taron. Ƙungiyata a shekarar tana kusa da saman teburi, rabon da mu ga haka an daɗe. Wasa shida ya rage. Na ɗauka ciki zai jira ni.

Ranar wata Lahadi ce, muna da wasa da abokan hamayyarmu bayan la'asar. Tun safe matata ta ce kanta kamar ana sara, da azahar ta ce tana ganin abubuwa bibbiyu, ko zan kai ta asibiti. Na duba agogo. Na san idan muka tafi, layi da cunkoson hanya ba za su bar ni in dawo kafin a take wasa ba, ga shi na riga na sayi fetur. Na ce ta sha magani ta kwanta, ana tashi zan kai ta. Ta dube ni, ta ce to. Wannan "to" ɗin har yau ina jin ta.

Aka ɗauke wuta kamar yadda aka saba, na tayar da janareto, falo ya cika. Ana cikin zagaye na biyu alƙalin wasa ya ba mu fanareti, ɗaki ya kaure da ihu. Daga baya na ji cewa matata ta kira ni, ta bubbuga ƙofa, ta yi yunƙurin neman hijabinta don kada ta fito haka cikin maza, a nan ta faɗi. Ba wanda ya ji. Maƙwabciyarmu ce ta zagaya bayan ɗaki kwashe shanya, ta leƙa ta taga ta gan ta a ƙasa tana jijjiga. Ba ta yi sallama ba, ta tattake mutane ta shigo ta fizge wayar talabijin daga bango. Aka taso mata da hayaniya, har da ni. Ta nuna ni da yatsa, ta ce da irin Hausarta: "Matarka yana mutuwa a ɗaki, kai kana kallon bal!"

Abin da na tarar a ɗakin nan ba zan iya rubuta shi duka ba. Ta ciji harshenta, jini a bakinta, idanunta sun juye. Kafin in fito da ita falon ya kusa zama wayam. Mutum biyu kawai suka tsaya suka kama mini. Allah Ya taimaka mijin maƙwabciyar yana gida, ya tayar da tasinsa, matarsa ta rungume kan matata a baya tana addu'a da yarensu, ni ina gaba ina salati, muna faɗawa ramukan hanyar Karmo. A asibiti likita ya ce dole a yi mata aiki a ciro ɗan yanzu, in ba haka ba za a rasa su duka biyu. Na aika aka fasa asusu. Abin da ke ciki bai isa ko allurai ba. Maƙwabcin nan ne ya ajiye cinikinsa na sati, Baba mai gida ya aiko da kuɗin doyarsa, washegari na sayar da talabijin da janareton, sannan na bi da injin da nake ɗura iskar firiji, wanda da shi nake cin abinci.

Allah Ya raya su. An ciro mace, bakwaini, ba ta fi tafin hannuna biyu ba, ta yi sati uku a kwalba. Da matata ta farfaɗo, likita ya tambaye ta tun yaushe ciwon kan ya fara, kuma me ya sa aka makara. Ina tsaye a gefen gadon. Ta ce tun safe ne, amma ita ce ta ɗauka zai wuce. Ba ta dube ni ba. Da mahaifiyarta ta zo daga gida, ita ma abin da ta faɗa mata ke nan. Har yau surukaina suna gode mini a kan ɗawainiyar da na yi, suna cewa ɗan kirki ya sayar da kayan sana'arsa saboda 'yarmu. Duk lokacin da suka faɗi haka sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Muna asibitin wani cikin abokan kallon ya kira ni. Na ɗauka jaje zai yi. Ya yi, a taƙaice, sannan ya tambaya ko za a nuna wasan Asabar. Wani kuma ya aiko a tambaye ni yadda za a yi da kasonsa na kuɗin dikoda. Na ba shi dikodar gaba ɗaya. Ban riƙe su a rai ba, domin ba su suka aure ta ba.

Matata ta tafi gida wankan jego, aka ce kwana arba'in, ta yi wata biyar. Ban iya cewa ta dawo ba. Na zauna a falo mara komai, ina bin wani oga aikin yini da kayansa, sai ka ce yaron da ya fara koyo. Ta dawo don kanta. Ranar na zaunar da ita na faɗa mata maganar asusun, na roƙi gafara. Ta ce ta sani tun lokacin, tana ganin tsinken a bayan gado, kuma ta yafe. Na yarda ta yafe. Amma matar da a da idan na dawo take tare ni da labari da dariya, yanzu idan ba ta da lafiya maƙwabciya take fara gaya wa, ni sai dai in ji daga baya. 'Yarmu ta shekara biyu, tana tafiya, tana kiran Abba, sai dai ƙirjinta ba ya son sanyi, kowane wata muna hanyar asibiti. Na gaji, Edita, gajiyar da barci ba ya kawar da ita.

Ban ce ƙwallo haramun ba ce, kuma ban ce kada mutum ya nemi sauƙi ba. Har yanzu nakan ji sakamako a rediyo idan ina aiki. Abin da na gane shi ne, ni ba tattali na yi ba. Na ɗauke nauyin sha'awata daga aljihuna ne na ɗora a kan matata, ita ta riƙa biya da barcinta da abincinta da lafiyarta, ni ina ƙirga ribar. Idan da gaske nake son ajiye kuɗi, da na zaɓi wasa ɗaya a sati na haƙura da sauran.

Ga 'yan uwana masoya ƙwallo, musamman masu iyali a ɗakin haya irin namu: kafin ka ce ka samu hanya mai araha, ka waiwaya ka ga wa zai biya ragowar. Kada ka ɗauki shirun matarka a matsayin yarda. Kuma idan mai ciki ta ce maka kanta na ciwo, ka tashi a lokacin, ko da fanareti za a buga. Wasan za a sake nuna shi gobe da safe. Ni Allah Ya rufa mini asiri ban binne kowa ba, amma ba wayona ba ne, kuma ba kowa ke samun maƙwabciyar da za ta leƙa taga ba. Ku sa mu a addu'a.