Sahabi da Farin Ruwa

Sahabi ya fara wanki tun kafin tafkin Kainji ya haɗiye ƙauyensu. Ranar da aka tashe su, mutane suka ɗauko tukwane da iri da awaki, shi kuwa ya sa aka ciccibo masa dutsen wankinsa cikin kwalekwale, wani faffaɗan baƙin dutse mai santsi kamar tafin hannu. Ya dasa shi a bakin ruwa a Yelwa, a kansa ya tsufa.

Ya san halin tufa. Manja sai toka da ruwan zafi. Jan goro sai lemun tsami da gishiri, a shimfiɗa a rana. Atamfa inuwa take so, shadda kuma ba a murɗe ta, lallashinta ake yi. Ya san halin ruwa ma. In damina ta yi nisa, farin ruwa kan sauko ɗauke da laka mai laushi, wadda hannu ba ya ji, ido kaɗai ke gani. A lokacin ba a ɗauraye farin kaya a tafki, sai an ɗebi ruwa a randa, an jefa alif ya kwanta.

Da aka ba da jihar Kebbi, ma'aikatan da ke kawo masa kaya suka tattara suka koma Birnin Kebbi. Sauran suka janye ɗaya bayan ɗaya, don yanar ido ta fara rufe masa gani, maganar kuma ta zaga gari. Mutum ɗaya ya rage, Alhaji Wakili dillalin kifi, abokin wasansa tun ƙauyen da ya nutse. Duk Laraba, a hanyarsa ta zuwa mashigar jirage, yakan ajiye masa ƙunshin farar rigarsa ta Juma'a.

"Tsoho, ba ka mutu ba?"

"Ina jiran in wanke maka likkafani, mai ƙarnin kifi."

Muddin wannan ƙunshi na zuwa, Sahabi mai wanki ne, ba makahon da ke zaman bakin ruwa ba.

Wata shekara, farin ruwa ya sauko da wuri. Sahabi ya dubi tafki, ya ga hazo kamar yadda yake ganin komai, ya tsoma rigar ya ɗauraye. Ya sa sitaci, ya shanya, ya buge ta har tana ƙara a hannu. Matan da ke wanki kusa da shi suka yi shiru, ya ɗauka gajiya ce. Wakili ya karɓa, ya jujjuya ta, sannan ya ce madalla.

Laraba ta zagayo, ƙunshi ya zo. Sahabi ya kwance, ya kai rigar hanci kamar yadda ya saba, don ya ji inda man kifi ya taɓa. Babu ƙarni, babu gumi. Ƙamshin omo ya ji, da ɗan ƙaurin dutsen guga a wuya.

"Wakili, wa ya wanke wagga riga?"

"Kai mana. Wa nika da shi in ba kai ba?"

"Ni sabulun salo nika sawa."

Wakili ya tsuguna, gwiwoyinsa suka yi ƙara. "Waccan ta fito kalar kunun gero, Sahabi. Ruwan ya juya, ba ka gani ba. Matata Hansatu ta sake wanke ta a gida. Na ce mata, duk da haka a bar ni in riƙa kawo maka."

"Wankakkiya."

"To mi za ni yi da kai?"

Sahabi ya ɗaure ƙunshin yadda ya same shi.

Wakili bai daina kawowa ba, Sahabi kuma bai sake kwancewa ba. Yakan zauna a kan dutsensa, ƙunshi a cinya, yana jin bugun wankin mata daga nesa, ruwa na lasar masa ƙafa. Ran Alhamis ya miƙa. Wakili ya ce ta yi fes. Sahabi ya ce ai hannu ya saba. A bayan dutsen, gansakuka ta fara hawa.