Ƙofar Motar da Na Rufe wa Ƙanwata a Kan Jirgin Fito

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce a Gusau, ina da 'ya'yana da keken ɗinkina, kuma duk danginmu na Bungudu sun san ni da baki. In za a kai amarya ni ake fara nema, domin na iya tsokanar dangin ango har su rasa ta cewa, na kuma iya lallashin amarya in kuka ya ci ƙarfinta. Ina jin daɗin wannan suna, ba zan ɓoye muku ba. Ruwa kuwa ban san shi ba, iyakar sanina gulbinmu ne da yara ke buga ƙwallo cikin yashinsa da rani. Na rubuto ne saboda abin ya daɗe yana cina, kuma na lura har gobe mutanenmu suna yin irin abin da muka yi.

Amaryar ƙanwata ce, autar gidanmu. Ta gama makarantar koyon aikin lafiya, ta kawo wanda take so, kowa ya yi na'am da shi. Matsala ɗaya, aiki ya kai shi wani gari can ƙetaren kogin Kwara, can kuma za ta tare. Ranar tafiya Inna ta kamo hannunta ta sa cikin nawa a ƙofar ɗaki, ta ce ga amanarta nan, kada in sake ta sai na kai ta ɗakinta. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, ko goya ta zan yi sai na kai ta. Muka cika ƙaramar bas ta haya, muka biya ta Tsafe muka ɗauki Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ita ce babba a tafiyar. Gwaggo mace ce mai tsare al'ada, amma duk duniya ba ta da kamar yarinyar nan, ita ta yaye ta. Motar kuwa tana da wani aibi da tun daga Bungudu muke yi wa dariya: hannun ƙofarta na ciki ya karye, duk inda muka tsaya sai direba ya zagayo ya buɗe mana daga waje.

Mun kwana a hanya gidan wasu 'yan'uwa, da hantsi muka iso bakin kogi. Ni dai da na ga ruwan sai da gabana ya faɗi, don da ƙyar ake hango ɗaya gaɓar. Jirgin fiton wani faffaɗan ƙarfe ne shimfiɗaɗɗe, ba shi da bango sai ɗan shinge a gefe, gaba da baya kuma sarƙa ce kawai ake ratayawa. Wata babbar mota shaƙe da buhunan hatsi ta riga mu shiga, tamu ce ta ƙarshe, tayoyinta na baya daf da baki. Aka sa mata guntun katako a bayan taya a matsayin waigi, don kada ta gangara. Sai ga wani dattijo cikin masu jirgin yana bin motoci yana bubbugawa, yana cewa kowa ya sauko, ba a zama cikin mota a kan ruwa. Direba ya buɗe mana, ƙawayen amarya da sauran mata suka sauka. Na yunƙura zan kamo ƙanwata, Gwaggo ta dafe mini hannu. Jirgin cike yake da maza, 'yan kasuwa da masu babura, kowa ya zubo wa motarmu ido don an gane ta amarya ce. Gwaggo ta dubi dattijon ta ce, "Ɗiyata ba ta sauka cikin mazan ga, da lulluɓi nai mata, mijinta ka buɗe shi." Ya ce shi dai doka ce, Hajiya ta yi haƙuri. A nan ne bakina ya yi abin da ya saba. Na tambaye shi da ƙarfi ko so yake ya riga ango ganin fuskar amarya. Jirgi ya ɗauki dariya, dattijon ya ji kunya, ya girgiza kai ya wuce. Wallahi a lokacin har wani daɗi na ji, na ga na yi nasara.

Da jirgi ya tashi sai maza suka riƙa jingina da jikin motar, wasu har da leƙe. Gwaggo ta sa aka rufe gilasai, ta ciro zane ta rataya a tagar da ke kusa da amarya. Ƙanwata ta matso kusa da kunnena, daga cikin lulluɓi ta ce mini Yaya ita fa tsoro take ji, ko dai mu sauka kamar kowa. Na matse hannunta na ce ta bar shirme, tsoron dangin miji ne ke damunta ba na ruwa ba. Ta yi 'yar dariya. Can warin mai da jijjigar jirgin suka tayar mini da zuciya, na ce bari in sha iska kada in ɓata wa amarya kaya. Ƙofar a buɗe take tun da direba ya buɗe ta, ina sauka Gwaggo ta ce in ja musu ita, idanu sun yi yawa. Na ja ta da ƙarfi har sai da na ji ta kama, na tafi gefen shinge na tsuguna.

Mun kusa gaɓa, har ina hango matan dangin ango sun yi cirko-cirko suna jira, wata ma ta fara rangaɗa guɗa. Sai jirgin ya daki wani abu a ƙarƙashin ruwa, daga baya aka ce kututturen itace ne. Duk muka zube. Ina ɗagowa na ga babbar motar nan ta gangaro baya ta tunkuɗi tamu, katakon ya yi tsalle, sarƙar ta tsinke kamar zare. Na tashi da gudu, na faɗi, na sake tashi, amma ban kai ba. A kan idona motar ta sulale da baya ta faɗa. Ba nan take ta nutse ba, kuma wannan ne abin da ya fi hana ni sukuni. Ta ɗan yi yawo a saman ruwa, na ga an fizge zanen tagar, na ga tafin hannun ƙanwata da lallen da ni na sa aka yi mata yana dukan gilashi. Na san ƙofar suke nema, na kuma san ba za ta buɗu ba. Mutane suka riƙe ni ina ihu ina cewa daga waje ake buɗewa, daga waje ake buɗewa, har ruwa ya rufe kanta.

Masunta sun zo da kwale-kwalensu sun yi ta nitso, Allah Ya saka musu, amma kafin su kai ga ƙofar rai ya yi halinsa. Sun ce sun same su rungume da juna, Gwaggo ta tura amarya sama wajen rufin mota inda sauran iska take. Angon ya shiga ruwa da babbar rigarsa har wuya, da ƙyar aka janyo shi. Matan da suka zo tarya su suka ɗauki gawar ƙanwata zuwa gidan ango, aka shimfiɗe ta a ɗakin da aka yi mata jere, ko ledar katifa ba a cire ba. Ni na shiga na zauna kusa da ita har aka zo yi mata wanka. A garin aka rufe su duka biyu bayan la'asar, cikin mutanen da ba su taɓa jin muryarta ba.

Komawa Bungudu ita ce tafiya mafi tsawo da na taɓa yi. Na durƙusa gaban Inna na faɗa mata komai, da maganar da na yaɓa wa dattijon, da roƙon da yarinyar ta yi mini, da ƙofar. So nake ta zage ni, ko ta mare ni, ko ta ce kada in sake tako mata gida. Sai ta ɗago ni ta ce ajali ne, ko ita ce a wurin haka za ta yi, wa zai bar amarya a buɗe cikin maza. Na yarda da ƙaddara, Allah Ya sani. Amma wannan magana tata ta fi mari ciwo, don na gane duk gidanmu ba wanda ya ga kuskure a abin da muka yi, gobe ma za a sake.

Shi ya sa nake roƙon 'yan'uwana mata, musamman mu na tudu da ba mu san ruwa ba. Kunya abu ne mai kyau, sutura kuma addini ce, amma ba inda aka ce mu kulle rai a mota don kada a gan shi. In tafiya ta kai ku jirgin fito, ku sauko, da amarya da tsohuwa da mai jego, ku ja mayafinku ku tsaya da ƙafafunku, duk mai kallo ya kalla. Masu baki irina kuma, in wanda ya san wuri ya yi muku kashedi, ku haɗiye barkwancinku. Ni tun daga ranar ban sake zuwa kai amarya ba, in aka aiko sai in ce ba ni da lafiya, kuma ba ƙarya nake ba.

Inna ta tsufa yanzu. Abu ɗaya take roƙona, in kai ta ta ga garin da autarta take kwance, ta ce ko daga bakin hanya ne ta yi mata addu'a. Ba ta yarda kowa ya kai ta sai ni. Duk shekara ina ce mata sai ruwa ya ja baya, ita kuma ta ce to, Allah Ya kai mu. Bana ƙafafunta sun fara kasawa, ni kuwa har yau ko gadar gulbin nan namu na Gusau za a tsallaka da ni, sai na riƙe hannun ƙofa na runtse ido.