Mutumin da Ya Sauke Bututun Gari Daga Kansa

Ƙarfe bakwai na safe za ka gan shi a bakin titi, ya kafa sandar ƙarfe a ƙasa, ya ɗora kunne yana sauraron inda ruwa ke yoyo. Shi ya sa mu ma'aikatan ofishin ruwa muke ce masa Kunnen Ƙasa. Shekara talatin da huɗu yana wannan aiki.

Abin tsoron shi ne, duk hanyoyin bututun garin nan a cikin kansa suke. Tsoffin takardu gara ta cinye. Ka tambaye shi ina bawul ɗin rufe ruwan unguwa kaza, sai ya ce, "Taku bakwai daga bishiyar mangwaro." Bishiyar kuwa an sare ta tun kafin a ɗauke ni aiki. Da ritayarsa ta rage wata takwas, hankalina ya tashi ƙwarai.

Shi da kansa ya sami injiniyarmu. "'Yata, an ce akwai manhajar taswira ta kyauta. Sa min ita a tsohuwar kwamfutar nan."

"Baba, za ka iya kuwa?"

"Ni da na iya zama da ku?"

Ranar farko ya shigar da lambobin wurare da ya ɗauko da waya, amma ya juya su, na gaba ya koma baya. Bawul goma sha biyu suka faɗa tsakiyar teku. Muka yi dariya har da hawaye. Ya gyara tabarau ya ce, "To, ai ruwa ne dai." Washegari ya sake daga farko.

Da idona na ga yatsun da suka saba da sifana suna jan linzamin kwamfuta. Ya zana tituna a shimfiɗa ɗaya ta taswirar, bututu a wata, har ya dasa bawul ɗari huɗu da shida, kowanne a mazauninsa.

Baba, kai ne ka saki abin da ya sa ake nemanka. Da wani ne, da ya tafi da ilimin gida don a riƙa zuwa roƙonsa. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Duk mai riƙe da ilimin aiki a ka, ya yi koyi da kai tun yana kan kujera.

Makon jiya, bayan ya bar aiki, babban bututu ya fashe a ƙofar makarantar firamare. Muka buɗe taswira, muka rufe ruwan cikin minti ashirin. Sai washegari Kunnen Ƙasa ya ji labari a bakin matarsa. Ta ce min ya ce, "Ba su neme ni ba?" Can ya yi murmushi.

"To, yanzu na yi ritaya."