Shekara Bakwai Bayan Rasuwar Dokta Sa'adatu

Yau shekara bakwai ke nan da rasuwar ƙanwata, Dokta Sa'adatu. Hatsarin mota ne ya yi ajalinta a hanyar Abuja, wata huɗu bayan an ba ta lambar yabo ta matasan masu bincike.

Ni dillalin kabeji ne a kasuwar Farin Gada da ke Jos, bokona bai wuce sakandare ba. Ita kuwa garkuwar jikin yara ta sa a gaba: me ya sa za a yi wa yara biyu rigakafin ƙyanda rana ɗaya, ɗaya ya tsira, ɗayan cutar ta kama shi daga baya? Tana zargin ƙarancin abinci mai gina jiki, don haka ta riƙa bin unguwanni tana roƙon iyaye su bari a ɗibi ɗigon jinin 'ya'yansu.

Gidana na Jos Jarawa ta fara zuwa, na hana ta taɓa 'yata Maryam. Lokacin jita-jita ta cika kasuwa cewa sayar wa Turawa ake yi da jinin, ni kuma ina gudun bakin abokan sana'a. Ta ce, "Yaya, ni ce fa. Ni zan cuci Maryam?" Na ce ta nemi 'ya'yan wasu. Ta tattara kayanta, ba ta sake tayar da maganar ba.

Ranar bikin karrama ta, na ce lodin kabeji ya riƙe ni. Ƙarya ce, kunya ce ta hana ni. Da ta kawo mini lambar in gani, na jujjuya ta, na ce madalla, na miƙa mata.

Yanzu jita-jitar ta bar bencin kasuwa ta koma cikin waya, ta fi da gudu. Nakan tambayi kaina me Sa'adatu za ta ce da tana raye. Na san ba za ta yi faɗa ba. Kujera za ta ja, ta fara bayani tun daga tushe.

Bara abokiyar aikinta, Dokta Ngozi ta unguwar Kabong, ta zo sayen kayan miya, ta gane ni. Ta ce, "Oga, aikin sista naka bai mutu ba. Ɗalibai uku suna kai yanzu." Na yi ta maza na ce ta gaya mini abin da Sa'adatu ta gano. Ta zauna kan buhu, ta yi mini bayani dalla-dalla, har na gane.

Aikinta ya tsaya da ƙafarsa, ɗalibai na ɗorawa, iyayen da ba su haɗa komai da ita ba suka ba ta amana. Ni da muka sha nono ɗaya sai a bakin wata na ji shi, kuma bayanin duka bai kai awa ɗaya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Sa'adatu. Ki yafe wa Yaya.