Mai Riƙon Igiya

Ranar wata Laraba ce, kwana tara bayan ƙaramar Sallah, a shekarar da na shiga aji biyar na firamare. Na riƙe ranar domin ita ce ta farko da mahaifiyata ta neme ni da kanta. Ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu da ke Wurno ina wanke farar safar makaranta, ita kuma tana ƙarƙashin rumfar kara, ta baje lawashin albasa a kan tabarma tana yankawa za ta yi gabu. Sai na ji ta ce, ba tare da ta dubi inda nake ba, "Ke, taho ki riƙa mani abin ga." Na waiwaya ina neman ƙanwata Luba, amma babu kowa a tsakar gidan sai ni da kaji. Na goge hannu a zanena na je. Ta miƙo mini waya da baƙin iyafis a soke, ta nuna mini yadda zan lanƙwasa igiyar daidai inda ta shiga wayar in danne da babban yatsa. Daga nan ta cire kunne ɗaya ta ba ni, ta ce, "Sa wanga, in ya ɗauke, ki sani."

Ya kamata in faɗi abin da ya sa wannan ɗan aiki ya zame mini babba. Ni ce 'yar fari. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kunya ce, kuma ba na so a ɗauka ina kushe ta, don na ga iyayen da suka fi Inna tsanantawa. Da aka yaye ni, Kaka ta ɗauke ni zuwa Kagara, a can na yi wayo. Ita ce mai kiran sunana, Kulu, safe da yamma, har da lokacin da ba ta da abin da za ta aike ni. In na tambaye ta dalilin da Inna ba ta yi mini magana idan ta zo gaisuwa, sai ta ce, "Uwarki ba ta ƙi ki ba, kunya ta." Ina da shekara goma Kaka ta rasu, aka haɗa mini kayana a buhu aka maido ni gidan da aka haife ni.

Ba a taɓa zaluntata a gidan ba. Tuwona daidai da na kowa, ɗinkin Sallah tare ake yi mana. Sai dai a yini ɗaya nakan ji an kira Luba da Nasiru, ƙannena, sau da yawa, har da faɗa da zagi, ni kuwa ko zagin ba na samu. Idan Inna na son in share gida, Luba za ta gaya wa, "Ce ma waccan ta ɗauki tsintsiya." A makaranta ma haka, na shiga a tsakiyar zango, kowa ya riga ya kama ƙawarsa. Suna ce mini 'yar Kagara. Lokacin tara suna gaɗa a bayan aji, ni ina gindin dogon yaro da duwatsuna ina carafke ni kaɗai, in ci kaina, in sake zubawa. Da an tashi sai in dawo in ɗebi ruwa, in ba tumaki dusa, in wanke kwanoni, in nemi wani aikin tun kafin a aiko mini. Ina ganin tsoro nake ji kada a ga ba ni da amfani.

Wayar ta Baba ce. Fataucin albasa yake yi, yakan yi lodi a kasuwar Goronyo ya bi mota zuwa kudu, wani lokaci ya yi sati uku bai dawo ba. Wata rana tana aljihunsa ta faɗa ruwa a fadama, aka shanya ta ta farfaɗo, amma sifikarta ta mutu. Ya sayi wata ya bar wa Inna wannan. Inna ba ta karatun boko, amma ta san hoton rediyo a fuskar wayar. Rediyon kuwa ba ya tashi sam sai an soka iyafis a ɗan ramin da ke samanta, domin igiyar ita ce eriya. To igiyar nan ta karye daga ciki, kusa da kan da ake sokawa. In an sake ta sai shiru, in an lanƙwasa an danne sai magana ta dawo. Mai yankan lawashi ko tsince wake hannu biyu take bukata, shi ya sa dole a sami mai riƙewa.

Tsawon igiyar bai wuce kamu biyu ba, in ban manta ba, kuma daga inda ta rabu zuwa kunnuwa ko kamu ɗaya bai cika ba. Wanda ya sa kunne ɗaya ba shi da zaɓi sai ya zauna dab da mai ɗayan. Haka na san ƙamshin Inna, hayaƙi da albasa da man da take shafawa. Haka na san tana da ɗan tabo a bayan kunnen hagu. Kullum bayan azahar, in na dawo daga makaranta na ci abinci, sai in ji ta ce, "Ina mai igiya?" Shi ne sunan da ta taɓa sa mini, ba wani. Luba ta samu abin tsokana, in na wuce sai ta ce, "Mai igiya, ina akuyar taki? Ta kwance?" Baba ma in yana gari yakan tsaya a kanmu ya ce, "Injiniya, tasha ta kama?" Ban taɓa jin haushi ba.

Muna jin gaishe-gaishe da sanarwar biki da rasuwa, sannan wasan kwaikwayo kafin la'asar. Inna ba ta yi mini magana, amma tana yi wa mutanen cikin rediyon. "Kai wanga mutum, ƙarya kaka yi," in ji ta, wuƙa na ci gaba da aiki. Na daɗe ina saurare kafin wata rana na yi ƙarfin hali na ce wa rediyon, ba ita ba, "Jiya ma haka yac ce." Sai Inna ta ce, "Awo, halinai na." Tun daga nan muka sami hanya. Ita ta faɗa wa rediyo, ni in amsa wa rediyo, ba mai duban wani. In ta yi dariya, igiyar takan girgiza har cikin kunnena. Yatsana yakan sage, wuyana ya ƙage, amma ban taɓa canza hannu ba sai an shiga talla, don kada magana ta ɗauke ta ce na kasa.

Sau ɗaya aikin ya kusa kuɓuce mini. Nasiru ya samo kyauro na roba ya naɗe igiyar a jikin wayar, ta tsaya a lanƙwashe, magana ta fito ras. Ya ce, "Inna, ga shi na gyara." Ta saurara kaɗan, ta warware kyauron ta miƙa masa, ta ce, "Shina sa waya zahi." Na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Har taɓa bayan wayar na yi, na kuma ji kamar da ɗan ɗumi.

Damina biyu muka yi a haka, daga lawashi zuwa wake, daga wake zuwa ɓarar gyaɗa. Sai sakamakon jarrabawa ya fito, aka ce na sami makarantar kwana a Rabah, saura sati uku in tafi. Maimakon murna, damuwa ce ta kama ni, wa zai riƙe wa Inna igiya? Luba ba ta iya zama wuri ɗaya, Nasiru kuwa yana fadama. Na ga bai dace in tafi in bar ta da shiru ba. Wata Asabar tana wanka, na ɗauki iyafis ɗin na zaga bayan rumbu. Na karya tsinken tsintsiya na yi masa karan ɗori kamar yadda na ga ana yi wa ƙafar ɗan akuya, na lanƙwasa shi daidai yadda yatsana ya saba, na naɗe da zare, na bi da salatif. Na gwada, na girgiza, na sake gwadawa. Magana ba ta ɗauke ba. Kuma tunda ba a jikin wayar na ɗaure ba, na tabbata ba zai sa ta zafi ba.

Na kai mata da hannu biyu, na durƙusa. Ranar ce na fara yi mata magana kai tsaye ba ta bakin rediyo ba. Na ce, "Inna, yanzu ba sai an riƙa ba." Ta karɓa ta jujjuya ɗaurin, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "To. Allah shi yi albarka." Washegari bayan azahar ta shimfiɗa tabarma, ta soka iyafis, ta sa kunnuwa biyu a nata kunnuwan. Na jira a ce ina mai igiya, ba a ce ba. Babu dalilin da za a ce. Sauran kwanakin nan a bakin rijiya na yi su, ina wanke abin da na riga na wanke, ina hango ta. Ban ji ta yi wa rediyon magana ko sau ɗaya ba. Na yi tunanin in lallaɓa in karya tsinken, amma na ji tsoron a gane, na kuma ga kamar ha'inci ne. Ranar tafiya ba ta fito zaure ba, haka al'ada take. Ta aiko Luba da ƙullin ƙuli-ƙuli da gabu, Baba ya ɗora ni a babur.

Shekaru suka wuce, na gama Rabah, na tafi jami'a a Sakkwato. Abin da na ɗauka a raina duk tsawon lokacin shi ne, Inna ta bukaci hannu, ni na ba ta, da bukatar ta ƙare sai zaman ya ƙare. Sai da ana shirin bikin Luba muka sauke kwallayen Inna za a wanke. A cikin ta can ƙasa, ƙarƙashin wani tsohon kallabi, na tarar da farin iyafis a kwalinsa, ledar ta yi ja saboda daɗewa, ba a taɓa buɗe shi ba. Na nuna wa Luba. Ta ce, "Wanga? Baba yas sawo mata shi Goronyo, tun satin da kinka hwara riƙon nan. Ta ce a aje, na hannunta bai mutu ba." Ta ci gaba da goge murfi, ita ba ta ga komai a ciki ba. Na mayar da shi inda na same shi, na rufe da kallabin. Ban tambayi Inna ba, kuma ba na jin zan taɓa tambaya. Mai yiwuwa mantawa ta yi da shi. Mai yiwuwa tattali ne irin na iyayenmu. Ba ni da hujjar da zan rantse a kai, amma tun ranar na daina yarda cewa kyauro yana sa waya zafi.

Yanzu wayoyi da yawa ba su da wannan ramin. Da na fara aiki na saya wa Inna sabuwa, har da abin kunne mara igiya a ɗan akwatinsa, ina ganin na kyauta. Ta juya wayar sama da ƙasa, ta ce wa Nasiru, "Wagga ba ta da rami? To mi aka riƙa?" Abin kunnen yana cikin kofi a ɗakinta har yau. A sifika take jin shirye-shiryenta, gida duka ya ji, kowa kuma yana nasa lungun da tasa wayar. In na je hutu nakan gaishe ta in koma gefe, domin har yanzu ban iya zama kusa da ita haka kawai ba.

Zuwan da na yi bayan girbin bana, tana rumfa tana tsince wake, wayar na kan tabarma tana magana tar, ni ina bakin rijiya kamar da. Sai ta ce, idonta a kan faifai, "Ke, taho ki riƙa mani wayar ga, ba ta kamawa a ƙasa." Alhali tana kamawa, daga inda nake ina jin kowace kalma. Na tashi na je na ɗauka. Babu igiyar da za ta nuna mini inda zan zauna, sai na auna a raina, na zauna inda a da take kai ni. Can wani ya yi wata magana a rediyon, Inna ta ce masa ƙarya yake yi, ni kuma na ce masa halinsa ne. Na yi kwana biyu na koma birni, ɗakin da ba mai kirana da kowane suna. A wajen Inna dai har yau ni mai igiya ce, ko da igiyar babu.