Ginshiƙan da Hamma Bakari Ya Sa Aka Rushe

Shekara bakwai ke nan da Allah ya karɓi ran Bakari, wanda ni da 'ya'yana muke kira Hamma, yadda Fulanin Yola ke kiran yaya namiji. Ba jini ne ya haɗa mu ba. Sunana Rifkatu, iyayena daga kudancin jihar nan suka zo Jimeta, shi kuwa haifaffen cikin Yola ne. Da mijina suka yi makaranta, kuma bayan mijina ya rasu bai ɗauke ƙafa daga gidanmu ba. Duk shekara nakan tuna da shi in yi shiru. Bana na kasa yin shirun, saboda abin da ya same mu da damina.

Akitek ne, mai zana gine-gine. Da makarantar da nake riƙe da ita a unguwar Jambutu ta yi wa yara kaɗan, muka yanke shawarar gina bene, shi ya zana mana. Na ɗauka da ya miƙo zanen aikinsa ya ƙare, sai ya ce yanzu ma ya fara. Ya zaunar da ni da ɗan kwangilarmu, Alhaji Modu, mutumin Borno mai fara'a da saurin aiki, ya karanta mana yarjejeniya tun daga farko har ƙarshe. Ya ce duk umarnin da za a bai wa magina ta hannunsa zai bi, ba za a zuba kankare ba sai ya gani da idonsa, in kuma saɓani ya taso, shi zai duba abin da muka sa wa hannu ya faɗi mai gaskiya. Ya dube ni ya ce, "Malama, har ke." Na yi dariya, a zatona wasa yake yi.

Aiki ya tafi lafiya har aka zo kan ginshiƙan da za su ɗauki benen. A makon nan Hamma ya tafi Mubi ta'aziyya. Alhaji Modu yana so ya riga damina, bai jira ba, ya sa aka zuba ginshiƙan gefen gabas. Da Hamma ya dawo, ina tsaye, ya damƙi yashin da aka yi aikin da shi ya murza, tafin hannunsa ya yi laka. Ya sa aka sassaƙe gefen ginshiƙi ɗaya, sai ga rodin ciki bai kai kaurin wanda ya rubuta ba. Alhaji ya ce wancan ya ƙare a kasuwa, kuma da irin wannan ake gini ko'ina a Jimeta.

"Na san ana yi," in ji Hamma. "Nan dai ba za a yi ba. Yara ne za su zauna a kai."

Ya ba da umarni a rubuce cewa a rushe su duka a sake. Ranar gabana ya faɗi, don na riga na yi wa iyaye alkawarin sababbin azuzuwa a zango mai zuwa. Na same shi a ofishinsa da ke unguwar Gwadabawa na tambaye shi ko akwai dabarar ƙarfafa su ba tare da rusau ba. Ya ba ni shayi, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce da akwai da ya riga ni faɗa. Alhaji Modu ya yi fushi, ya daina amsa gaisuwarsa, amma ya rushe. Ina jin ƙarar guduma daga ajin da nake koyarwa.

Dole aiki ya wuce lokacinsa, kwamitin iyaye suka ce a hukunta ɗan kwangila kan jinkirin gaba ɗaya. A nan ne na ga ɗaya fuskar aikin Hamma. A gaban kowa ya raba jinkirin gida biyu. Kwanakin da aka ɓata wajen sake ginshiƙai, ya ce, suna wuyan Alhaji. Amma makonnin da aka tsaya saboda na nemi a faɗaɗa matakala bayan an fara ta, da waɗanda ruwa ya hana tifa shigowa unguwa, ba laifinsa ba ne, yarjejeniya ta ba shi ƙarin lokaci, kuma ya ba shi. Wasu iyayen suka ce ya goyi bayan Musulmi ɗan'uwansa. Makonni kaɗan kafin nan, mutanen Alhaji cewa suke yi ya goyi bayan matar abokinsa. Hamma dai ya ci gaba da aikinsa. Ko da aka gama ginin bai bar yara sun hau ba sai da ya bi ko'ina ya duba, bayan damina ta farko kuma ya dawo, ya ga inda rufi ke yoyo, ya kira Alhaji ya gyara.

Bana, bayan ruwan da aka kwana ana yi aka wayi gari ana yi, ambaliya ta shigo mana Jambutu. Kafin azahar gidajen da ke gangare sun cika, mutane suka nufo makarantarmu don ita ce bene mafi kusa. Mata da goyo, tsofaffi a kafaɗar samari, katifu, buhunan masara, kekunan ɗinki, har da awaki. Ba wanda zan iya ce wa ya koma. Azuzuwan da aka yi don yara da tebura suka cika har baranda, ruwa kuwa yana ta gudu a ƙasa, yana dukan ginshiƙan nan na gabas. Na tsaya a kan matakala ina kallon siminti a ƙarƙashin ƙafata. Duk motsin da aka yi sai in ji kamar ƙasa ce ta girgiza. Ban faɗa wa kowa tsorona ba, addu'a kawai nake yi, ina jin maƙwabtana suna tasu.

Sai da aka yi kwanaki kafin ruwa ya janye. Kowa ya sauko da ƙafarsa. Na kira injiniya ya duba mana ginin kafin yara su dawo. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa, ya tona gindin ginshiƙan, ya ce ko tsaga babu, in buɗe makaranta. Na zauna a matakala na yi kukan da ban yi ba duk kwanakin nan, na ji kamar an sauke mini kaya.

Nakan tambayi kaina me Hamma zai ce da ya ga Jimeta ta yau. Benaye suna tashi cikin 'yan watanni, wasu a kan hanyar ruwa, mai duba aiki yana Abuja ana tura masa hoto ta waya yana cewa a ci gaba. Ba na jin zai yi dogon surutu, ba halinsa ba ne. Ina ganin zai nemi a nuna masa wurin aikin ne kawai, ya tafi da kansa. Na kuma san zai ji daɗin wasu matasan da suka koyi aiki a hannunsa, waɗanda nake jin 'yan kwangila na kuka da taurin kansu.

Bai bar dukiya mai yawa ba, kuma babu sunansa a jikin bangonmu, don bai yarda a rubuta ba. Abin da ya bari shi ne mutanen da suka kwana lafiya a kan aikin da ya tsare, yawancinsu ba su taɓa jin labarinsa ba.

Makon jiya Alhaji Modu ya zo mana jaje, ya tsufa, jikansa ne ke tuƙa shi. Ya tarar da iyaye a tsakar makaranta ana kwashe laka. Ya dafa ɗaya daga cikin ginshiƙan ya ce musu, "Kun ga wannan? Ni na gina." Na bar shi, don gaskiya ya faɗa. Da zai shiga mota ya juyo, ya rage murya.

"Malama, Allah ya jiƙan Bakari. Mutumin nan ya wahalar da ni."

Na ce amin.